Ƙofar Rafi

Shekarar da Merrin Tully ta dawo daga birni ta karɓi gonar mahaifinta, gwamnatin jiha ta fito da wani tsari: ka kewaye bakin rafinka da waya, ka hana dabbobi shiga, ciyawar asali ta farfaɗo, a riƙa biyanka duk shekara. Ta sa hannu ba ta tsaya dogon tunani ba. Da wannan tallafi gonar ke numfashi.

Sai da aka gama kafa waya ta tuna da Col Haddrick, maƙwabcinsu ta yamma. Tun tana ƙarama, in tafkinsa ya ƙafe, ta ƙofar da ke kusurwar shinge yake koro tumakinsa su sha a rafin. Shi da marigayi Des, mahaifinta, musafaha kawai suka yi a kan haka.

A wannan shekarar ruwa ya ƙi sauka, tafkin Col ya ƙafe. Ta je ta same shi yana fama da famfo.

"A'a, 'yar Des! An ce yanzu kiwon kangaru kike yi wa gwamnati."

"Baba Col, daga sama suke ɗaukar hoton wurin. In suka ga tumaki a ciki, sun soke komai."

"To ki faɗa musu ranar da za su ɗauka, in taje gemuna."

Ya yi dariya, ita ma ta taya shi. Bai roƙe ta ba, ba ta yi masa tayi ba.

Ta sayi kwaɗo, amma ta bar shi a mota. Ƙofar ta ja ta kawai, ta maƙala mata zoben waya wanda ko da hannu ɗaya sai a cire. Lissafinta shi ne tsohon zai buɗe da kansa, tumaki su sha su koma, in an tambaye ta ta ce ba ta sani ba.

Kullum da safe takan je ta duba ƙasa. Sawun naman dajin nan kangaru ne birjik, babu na tunkiya ko ɗaya. Ta ɓangarenta ciyawa ta kai gwiwa. Ta ɓangarensa jar ƙasa ce, ga tumaki sun jeru a jikin waya suna shaƙar ƙanshin ruwa. Ta kai masa ruwa a tanki, garken ya shanye kafin ta naɗe tiyo. Daga baya ta sauya hanya don kada ta riƙa ganinsu.

A ƙarshe Col ya yanke shawarar sayar da su. Ranar da babbar mota ta zo kwashe su zuwa kasuwa, ta je taya shi lodi. Iyayen garke ne, irin da ya gada daga nasa mahaifin, wanda in ya tafi ba a sake samunsa. Ƙashin bayansu duk ya fito. Karensa na ta kai da komowa, ƙura ta tashi.

Can ta kasa haƙuri.

"Baba Col, ai ban sa kwaɗo ba."

"Na gani."

"To me ya hana ka?"

Ya dube ta ta ƙarƙashin hularsa.

"A rufe na same ta. Des bai koya miki ba? Ƙofar wani, yadda ka same ta haka kake barinta."

"Da ka buɗe, ba zan ce komai ba."

"Na sani, yarinya. Shi ya sa. Da kin ce in buɗe, da na buɗe."

Direba ya danna ham, yana sauri.

"Koma ta can ki tare," in ji Col. "Waccan gurguwar ta fi ki wayo, yanzu za ta kuɓuce."

Merrin ta koma ta tsaya, ta buɗe hannuwa. Tunkiyar ta yi turus a gabanta, ta juya, ta hau motar da ɗingishi.