Notin da Ke Bakin Baba

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, kuma ko a aji aka ce in tashi in yi magana sai muryata ta maƙale. Abin da ya faru da Baba ne ya ƙi barin raina, shi ya sa na yi karambanin ɗaukar biro.

Shekara ashirin da biyu Baba yana tuƙa doguwar bas ɗin makarantarmu, bai taɓa goge ko madubin wani ba. Sauran direbobi Agogo suke ce masa, don in ka ji hon ɗinsa a bakin layi ba ka buƙatar duba lokaci. Da hannunsa yake gyara motarsa. A gidanmu ma babu ƙofar da ke ƙara, babu kujerar da ke rawa, domin ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da ke da noti, a ɗaure shi sai ya daina motsi. Mama takan ce kwalbar da Baba ya rufe, sai ya dawo daga aiki za a buɗe ta.

Abu ɗaya ne ya gagare shi ɗaurewa, minsharinsa. Maƙwabcinmu tela ya taɓa tambayar Mama cikin ladabi ko sabon janareto muka saya. Mu dariya muke yi. Mama ce ba ta dariya, don ita ta san inda ƙarar take yankewa, shiru ya biyo baya, sai ta zungure shi da gwiwar hannu kafin ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Wata Talata da rana muna dawowa daga makaranta, danja ta tsayar da mu. Ina kujerar da ke bayansa, kaina a cikin littafi. Fitila ta ba da hannu, motocin baya suka fara hon, bas ɗinmu ba ta motsa ba. Da na ɗago, sai na ga haɓarsa a kan ƙirjinsa. Yara talatin da ɗaya ne a bayana. Allah ya sa ƙafarsa tana kan birki. Na taɓa kafaɗarsa a hankali, ya farka ya sa giya kamar babu abin da ya faru. Na so a ce ni kaɗai na gani, amma malamar da ke rako mu tana kujerar gefe.

Washegari manajan motocin makarantar ya karɓi mabuɗin. Ya ce yana jin nauyin Baba, amma yaran mutane ne. Ya ba shi wata biyu: ko ya kawo takardar likita cewa ya warke, ko a ba wani motar har abada. Kafin nan, ya riƙa wanke motoci a gareji.

A asibiti aka yi masa gwajin barci, aka ce numfashinsa yana ɗaukewa fiye da sau ashirin a awa ɗaya. Baba ya ce da hakan gaskiya ne da shi zai fara sani. Mama ta ce ai ita ta sani, ga gwiwar hannunta shaida. Aka ba shi na'urar da ake rufe hanci da ita tana hura iska, kwana biyar a jere yana fizge ta cikin barci. Daga nan aka tura mu wurin likitar haƙori.

'Yar gajeruwa ce, mai magana ƙasa-ƙasa, Baba take ce masa kamar mu. Ta ɗauki awon haƙoransa, bayan mako biyu ta miƙo masa wata roba mai haske, sama da ƙasa, an haɗa su da ɗan ƙaramin noti. Ta yi bayani cewa robar tana turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, don kada harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Sai ta ba shi mabuɗi siriri kamar allura, ta ce rabin juyi duk bayan kwana uku, kada ya wuce haka. Na ga yadda idon Baba ya yi haske da ya ga notin. Ya kamata in yi magana a lokacin, amma kun san ni.

Da safe muka same shi zaune ya dafe kumatu biyu. Haƙoransa na sama da na ƙasa sun ƙi haɗuwa, ko burodi ya kasa taunawa. Ashe ya yi lissafi ne cewa aikin da za a kwashe makonni ana yi, mutum mai hannu zai gama shi a zama ɗaya. Ya juya notin har sai da ya daina motsi.

Mama ta ajiye masa shayi, ta ce, "Maigida, yanzu har bakinka ka ɗaure?"

 Ya jefa robar cikin gwangwanin tsofaffin notuna, ya ce da gefen baki kayan wasan yara ne.

Mako guda ya wuce. Kullum yana dawowa da ƙanshin sabulu maimakon na man inji, yatsunsa sun yi fari sun tattare. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Ni kuwa na kwana uku ina shirya maganata a zuci, kuma da na tsaya gabansa duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne sabon direban ya cire matashin da Mama ta ɗinka wa kujerarsa, ya jefa shi a but ɗin motar tare da jak ɗin ɗaga taya.

Baba ya dube ni. Sai ya ce in ɗauko masa gwangwanin.

Da muka koma wurin likitar, ta duba notin, ta duba Baba, ba ta yi faɗa ba. Tana mayar da notin baya ta ce ita ma tana da tambaya. Wai an canja mata taya jiya, mai gyaran ya matse noti ɗaya har ƙarshe sannan ya koma kan sauran, ko hakan daidai ne?

Baba ya miƙe zaune a kan kujerar. "Wane sakarai ne wannan? Ba a ɗaure taya haka. Kaɗan-kaɗan ake bi, wannan, sai na ɗaya gefen, a zaga, a sake zagawa, har ta zauna daidai. In ka matse lokaci guda ka karkatar da ita ke nan."

Likitar ta ɗora masa ɗan mabuɗin a tafin hannu. Ya dube shi. Sannan ya yi dariya iya inda muƙamuƙinsa ya bari, ya ce, "Likita, kin kama ni."

Tun daga ranar ya rataye kalanda kusa da gado. Rabin juyi, ya ja layi da fensir, ya jira kwana uku. Da na ga yatsunsa suna ƙaiƙayin ƙarawa, sai ya tura hannun cikin aljihu. Tela ya leƙo yana tambayar wa muka sayar wa janareton. Aka sake gwajin barci da robar a bakinsa, takarda ta fito saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Ranar Asabar ya tafi gareji karɓar mabuɗi. Bayan fitarsa Mama ta ba ni sabon matashi, ta ce in kai masa. Na samu bas ɗin a buɗe babu kowa, na hau, na ɗora matashin a kujerarsa. Ta gilashin gaba na hango shi, direbobi sun kewaye shi, mabuɗin motar yana lilo a yatsansa. Wani ƙato da suke kira Tanki yana tsokanarsa, wai ya ji labarin Agogo ya koma kwana da haƙoran roba kamar kakarsa.

Na ɗauka Baba zai ji kunya. Sai na ga ya zaro akwatin robar daga aljihu ya buɗe a tsakiyarsu, yana nuna musu notin da ɗan yatsa.

"Rabin juyi duk kwana uku," in ji shi. "Akwai masu gaggawa da ke matse shi lokaci guda, su yi mako ba su tauna komai ba. Aiki ne na mai haƙuri."

Suka yi ta dariya. Da suka fara watsewa, Tanki ya tsaya baya, ya matso kusa da Baba, ya rage murya. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga Baba ya zaro fensir yana zana masa kwatancen hanyar zuwa wurin likitar a bayan wata takarda.

Na gyara wa matashin zama, na sauka ta ƙofar baya, na bi ta bayan motoci na fice kafin wani ya waigo.