Ta'aziyyar Duba-gari

Sulaiman ya jingine keken gwamnati a bayan masallaci, nesa da gidan makoki, don kada a ce duba-gari ya zo aiki. Kakin da ke jikinsa ne dai bai sami inda zai jingine shi ba.

Tun farkon damina gwamnatin Jihar Arewa ta ware ɗan kuɗi domin a san yawan masu mutuwa saboda shan ƙwayar Em-an-Bi fiye da kima, wadda ake kasawa a kasuwa kamar gyaɗa. Aka ba shi keke, aka ce ya bi unguwanni. Ya bi Doka, ya bi Kurmin Mashi, ya zauna makoki har tabarmi suka san shi. Ko'ina amsar ɗaya ce: kwana ya ƙare. Mutanen da ya saba leƙa wa randa yana kai su gaban alƙali ba su ga dalilin ba shi labarin mamatansu ba.

Da safiyar wannan rana babban akawun ofishinsu ya ce masa, "Mutum ɗaya tak, Malam Sulaiman, da sunansa, da yardar danginsa. In ba a samu ba kafin a tashi, kuɗin zai koma gyaran lambatu."

To, ga mutum ɗaya an samu: Bala tela, mijin yayarsa Hajara.

Ya same ta a ɗaki, ya durƙusa. "Yaya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Sule."

Gwangwanin ƙwayar yana kan taga, saura kaɗan a ciki. Ta ga inda idonsa ya tsaya.

Ta ce, "Zazzaɓi ne ya kama shi, ga ɗinkin mutane ya taru. Wai shan ƙwaya biyu na yara ne. A tafin hannu yake zubawa."

"Yaya, da za ki yarda in faɗi sunansa a ofis, da an ci gaba da binciken. Ƙila a hana masu tallar nan."

"Ka je ka ce me? Baban Husaina ya kashe kansa? Liman ya sallace shi a kan ajali. Gobe wa zai zo neman 'yar wanda ya kashe kansa?"

"Ai ba haka za a rubuta ba."

"Haka za a karanta." Ta gyara lulluɓinta. "In aiki ya kawo ka, randa tana inda ka sani."

Ya yi addu'a, ya shafa. Da zai fita ya ɗauke gwangwanin ya sa a aljihu. Ba ta hana shi ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa ofis. Babban akawu ya ɗago kai. "An samu?"

Sulaiman ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

"Ko ɗaya? Madalla!" Fuskar akawu ta washe. "Ka ga amfanin sa ido ke nan. Likitan ofishinmu zai rubuta cewa an shawo kan matsalar. Ina jin har yabo za a sa maka a fayil. Ka bar keken a sito."

Ya bar shi, ya kama hanyar gida a ƙasa. A bakin kasuwa mai tallar magani yana ta kira, mutane sun kewaye tirensa. Sulaiman ya raɓa ta gefe ya wuce, gwangwanin yana ƙara a aljihunsa duk taku.