Moton Da Ba Ya Ƙoshi

Ranar Litinin a amalanken jaki na dawo gida, ni da moton da akwatin allura, muna tafe muna rangaji kamar buhunan gero. Ina kallon kafaɗun mai amalanken suna rawa. Da na san dariya zai yi mini tun daga fadama har ƙofar likita, wallahi da na gwammace in tura abina da hannu.

Ni ce Ni'ima, ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ƙaramar likitar ƙauyenmu, wato asibitinmu, gabas da Urno. Bara aka ba ni moto, wato babur mai batir, don in riƙa zagaya rugage da allurar rigakafi. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, har shanu ba sa ɗaga kai in na wuce. Da farko yakan ci kilomita hamsin da ɗoriya a caji ɗaya. Tun da kaka ta shigo kuwa sai ya fara yi mini rowa, yau arba'in, gobe talatin. Ranar Litinin ɗin nan ko goma sha biyar bai cika ba ya mutu murus.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda zan je. Rugar su Hajjo kilomita goma sha tara ce daga wurinmu. Shekara guda na yi ina zarya kafin mijinta ya yarda a taɓa masa tagwayensa da allura. An yi ta farko, saura ta biyu, kuma ranar Asabar za su tashi da shanunsu su yi kudu. Hajjo ta wuni tana jirana a gindin aduwa, ni kuwa ina tsakiyar fadama ina zagin ƙarfe.

Na buga wa Majo, shugabanmu, waya. Ya ce in batir ne ya mutu, ranar Juma'a mota za ta zo ta kai moton Madawa, kuma sai an jira sabo daga Yamai, wata biyu ko uku. Na roƙe shi ya turo mini Aƙilu bakanike tukuna.

Aƙilu ya iso Laraba da hantsi. Mutum ne da ba ya sauri ko da gobara ce ta tashi. Sai da ya gaishe ni, ya gaida masu jiran awo, ya tambayi lafiyar jakin maigari, sannan ya tsuguna gaban moton.

"Madam, wa yar rage miki iska ga tayan ga?"

"Ƙanen mijina. Ya ce don rairayi."

"Dabarar 'yan kabu-kabu ta. Su mai suka sha, ke ko batir kika ci." Ya buga iska. "Amma wanga bai isa shi cinye miki kilo talatin ba."

Ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta da hannu, ya kasa kunne ko birki yana gogawa. Shiru. Ya tambaye ni ko na fara ɗaukar kaya masu nauyi. Na ce daga ni sai akwati, kuma in jikina yake nufi ya fito fili ya faɗa. Ya yi dariya ya ce shi bai ce ba. Daga nan ya buɗe ƙarƙashin kujera, ya ciro ɗan abin awonsa mai waya biyu, ja da baƙa, ya shiga taɓa batirin nan da can. Na tsaya a kansa. Ina jiran ya ce ya mutu, in fara tunanin da wane ido zan aika wa Hajjo saƙo.

"Batirin ga lahiya lau shike," in ji shi. "Yunwa ag gare shi."

"Wace yunwa? Kullum da sahe layi biyar nika iskewa bisa allon moton, cike tab."

"Allon ga ƙarya shika yi. In batir ya kwana ya huta sai shi gwada miki biyar, kina hawa tudu shi zube. Yaushe kika sa mishi sharji?"

Na ce da na dawo zagaye, wajen azahar, nake jona shi, sai in shige ɗakin awo ba na fitowa sai rana ta yi sanyi. Ya tambayi fanon sola da ke ba shi wuta. Na ce yana bayan likita a cikin shingen waya, kuma kada ya ɓata lokacinsa, domin Inna Kande, ungozomar ƙauyen, tana goge shi kowace safiya, da yamma ma in na leƙa sai ƙyalli yake yi.

"Da rana tsaka hwa, kin taɓa leƙawa?"

Ban taɓa ba. Muka zagaya baya.

Ban ga fano ba ko kaɗan. Abin da na gani shanya ce. Yankakkiyar kuɓewa daga wannan gefe zuwa wancan, sai jan barkono, sai ganyen yakuwa a kusurwa, an jera su tsaf, kowace mace da iyakarta da aka ja da karan dawa. Ko tafin hannu guda na gilashin bai rage wa rana ba. Inna Kande tana tsaye a ciki tana juya kuɓewar da yatsunta, makullin shingen yana rataye a wuyanta.

Aƙilu ya juya baya ya kama tari na ƙarya. Ni kuwa jinina ya hau har kunnuwana suka toshe. Amalanken jaki, dariyar mutumin nan, wunin Hajjo a rana, duk a kan miyar kuɓewa! Na buɗe baki, Allah ya taimake ni na tuna wace ce a gabana. Rabin ƙauyen nan a hannunta suka faɗo duniya. Matan da ke zuwa awo wurina, ita ce ta ce su zo.

"Inna, sannu da aiki. Tun yaushe aka shanya nan?"

"Tun da anka hwara yankan kuɓewa, ɗiyata. Wurin ga albarka gare shi. Babu akuya, babu kaji, babu tsakuwa. Kwana biyu ta bushe ƙayau." Ta dube ni da kyau. "Sai na goge shi tas nika shimhiɗawa, in na kwashe kuma in sake gogewa. Ban bar miki ko ɗigo ba."

"Inna, ranar da kuɓewar ga taka sha, ita moto ka ci."

"Haba! Ranar ƙasarmu ta Adar ce za ta kasa isar mu da moto? Dubi yadda taka ƙuna."

Sai Aƙilu ya matso, ya ce mata ta ɗora hannunta bisa idonta ta gaya masa ko tana ganin rana. Ta ɗora. Ta daɗe a haka. Da ta sauke hannun fuskarta ta sake, ta ciro makullin daga wuyanta ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Duk fushina ya tsiyaye, kunya ta rufe ni. Tsohuwa ce da take yi mini aikin nan kyauta, kuma ban taɓa zama na gaya mata abin da gilashin yake yi ba. Goge kawai na ce.

Ban karɓi makullin ba. Na ba ta labarin tagwayen Hajjo, da ranar Asabar, da motar Juma'a.

"Tagwaye?" Ta ɗaure zanenta. "Kuma kina tsaye kina yi min surutu?"

Ta leƙa ta kan shinge ta ƙwala kira. Cikin ɗan lokaci mata shida suka zo da faya-fayi da ƙore, kowa tana kwashe nata tana mita. Aƙilu ya samo tsohon kwanon rufi a bayan ɗakin magani ya ɗora shi kan duwatsu a cikin shingen, nesa da fano, aka mayar da shanyar can. Inna Kande ta goge gilashin da gefen mayafinta. Muka jona moton, allurar awon Aƙilu ta tashi tsaye.

Ya ce rabin wuni ba zai cika batirin da ya yi wata yana kwana da yunwa ba. In bar shi ya ƙara shan rana har ƙarfe goma na safe, in tafi a hankali, kada in murɗa hannu a cikin rairayi.

Alhamis na yi yadda ya ce, duk da haƙuri ba halina ba ne. Idona rabi a hanya, rabi a allo. Na wuce fadamar da ya mutu mini layi huɗu suna nan. Na hau tudun dutse ina jiran su zube, ɗaya kawai ya yi ƙyaf-ƙyaf ya dawo. Da na hango shanu a farin fili, huɗun nan ba su motsa ba, abin da zai mai da ni gida har da saura. Ni kaɗai a daji na yi guɗa.

Amma da na isa gindin aduwa babu kowa. An riga an kwance bukka biyu, an ɗaure tabarmi. Na kashe moton na sauka ina dube-dube.

Sai ga Hajjo ta fito daga bayan garke, ɗa guda a baya, guda a kafaɗa. Ba ta yi mini murmushi ba.

"Babansu ya ce mutanen gari ba su da magana sai ta ƙarya. Ya ce mu tashi jiya."

"To mi yah hana?"

"Na ce jakata ta yi ɗingishi." Ta sunkuyar da kai. "Lafiyarta lau."

Ta zauna a tushen itacen, ta kwanto na bayan, ta janye rigar daga cinyarsa ta miƙo mini shi. Sai da na goge idona da bayan hannu kafin in iya ganin bakin kwalbar allurar.