Hayar Shafin Baba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta karɓe wa Baba hannun dama, sana'arsa ta koma bakinsa. Da can shi ne mai gyaran keken ɗinki a ƙasan benen da suke haya, mutumin da ke gane ciwon keke daga ƙararsa tun kafin a sauke shi daga kafaɗa. Yanzu yana zaune a kujerar roba kusa da taga, akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin ƙafarsa, ba ya iya buɗe shi, ba ya kuma yarda a taɓa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, mai aikin buga takardu a wani shagon hoto, ita ta ƙirƙiro masa abin yi. Ta buɗe shafi a intanet, shi yana faɗa, ita tana rubutawa: dalilin da zare ke tsinkewa, yadda ake daidaita allura, inda ake ɗiga mai da inda ba a ɗigawa. Teloli suka yi ca a kai. Kowace safiya kafin ta fita, Baba zai gyara zama ya ce, "To Auta, wa ke da matsala yau?" Ta karanta masa tambayoyin, ya yi tsaki, ya zagi telan da bai taɓa gani ba, sannan ya ba shi amsa tiryan-tiryan. A wannan lokacin kaɗai fuskarsa ke komawa irin ta da.

Shafi ma haya yake zaune, kamar kowa. Kamfanin da ke riƙe da shi dala yake karɓa duk shekara, ba ruwansa da inda ka samo ta. Shi kuwa kamfanin da ke liƙa tallace-tallace a gefen rubutun Baba, yana juya abin da aka samu kowace rana zuwa kuɗin gida a farashin ranar, ya rubuta wa Auta a asusunta. Ita ta zaɓi hakan tun farko, don ba ta da asusun dala, kuma zaɓi ne da ba a sake shi.

Akwai wani maɓalli a asusun da ke cewa a dakatar da biya. Auta ta danna shi da murnarta. Banki na yankar nasa duk lokacin da aka turo kuɗi, abin da ya shigo gida kuma, Yaya, babban wanta, na jin ƙamshinsa tun daga bakin titi. Gara su zauna can inda hannu ba ya kaiwa, su taru, ranar sabunta haya ta kwashe su gaba ɗaya. Ta riƙa leƙa adadin yana hawa, har ya wuce abin da ta biya wancan karon, tana yi wa kanta kirarin mai dabara.

Da wa'adin haya ya matso, ta saki kuɗin, ta nufi ɗan canji. Rumfarsa wani lungu ne tsakanin kantin magani da shagon waya, fanka na juyawa a kansa tana kaɗa zafi. Ya saurare ta, ya latsa na'urar lissafi, ya juyo mata da fuskarta.

"Hajiya, wannan rabin abin da kike nema zai saya. Rabin ma da ƙyar."

"Haba malam! Sake duba dai. Ai har da rara na taho."

"Rara a farashin yaushe? Ke ba kya jin labarai?"

Tana ji mana. Ta ga tsadar a kasuwa, ta gani a kuɗin mota. Kawai ba ta taɓa kawo wa ranta cewa abin da ke ajiye a cikin kwamfuta ma yana narkewa ba. Adadin bai ragu da ko sisi ba, shi ya rufe mata ido.

Ɗan canjin ya girgiza kai. "Da duk wata kina cira kina kawo min ina ba ki dala, da yanzu kin biya har kin sayi takalmi. Wa ke ajiye kuɗin gida a wannan zamani? Ni ko kwana ba na bari su yi a aljihuna."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ta fi jin zafinsa. Ta fito, ranta ya ɓaci da kanta fiye da kowa.

Ta buga duk ƙofar da ta sani. Biyan wata-wata ya fi tsada, kuma tallan yanzu bai kai ya riƙe shi ba, don masu talla sun tsuke bakin aljihu. Wanda zai kwashe mata shafin zuwa wuri mai araha ya yanka farashinsa, shi ma da dala yake aunawa. Mai shagon hoto ya ce albashin wata mai zuwa ma sai an yi addu'a. Yaya kuwa dariya ya yi.

"Ke dai kin cika wahalar da kai. Tsoho yana son hira, ki yi masa hira. Sai an biya Turawa kafin ya yi magana?"

Ta kwafe rubutun Baba kaf ta adana a wayarta. Rubutu bai ɓata ba. Amma ba rubutun ne ke tashin Baba da safe ba, masu tambaya ne, su kuwa ba a kwafe su. Ranar da wa'adi ya cika ta buɗe shafin, ta tarar da farin allo da sanarwar cewa yanzu kowa na iya sayen sunan shafin.

Washegari Baba ya gyara zama. "To Auta, wa ke da matsala yau?"

Ta kalli wayar. Bakinta ya riga ta yanke shawara.

"Wani ne, Baba. Ya ce kekensa na hannu ne, tsohon yayi, baƙi. Wai belin ƙafarsa yana ta zamewa."

Baba bai yi tsaki ba, bai zagi kowa ba. Ya dube ta.

"Keken hannu ba shi da belin ƙafa," ya ce a hankali. "Telan da ke zaune a kansa ba zai faɗi haka ba."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar. Ta so ta yi masa bayanin dala da farashin rana da maɓallin da ta danna, amma ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dakatar da ita.

Ya sa ƙafa ya turo akwatin kayan aikin daga ƙarƙashin kujera, kaɗan-kaɗan, har ya tsaya a gabanta.

"In za ki fita, ki miƙa wa telan nan na ƙasan bene. Ki ce ya riƙa shafa musu mai."