Ranar da Duna Ya Kai Wada Gaban Surukarsa

A ƙauyen nan na gindin duwatsun Doguwa, abu biyu aka san Wada da su: son karensa Duna, da kunyar surukarsa. Tun da ya auri Turai, uwarta Goggo Kulsum ba ta taɓa ƙare masa kallo ba. In ya hango ta a hanyar rafi, sai ya faɗa cikin dawa ya tsuguna, gaisuwa ta fito daga bayan kara.

Wata rana da hantsi Duna ya kori mugun dawa daga gonar gyaɗa, shi kuwa ya juyo ya kafta masa haure tsakanin cinyoyi. Fatar maraina ta tsage, jini sai zuba yake. Wada ya saɓo shi a kafaɗa hankali tashe. Malamin dabbobi na hukumar En'e yana can Tudun Wada, kare ba zai kai da rai ba. Mutum ɗaya ce ta iya tsai da jini a ƙauyen, ungozoma, kuma ita ce Goggo Kulsum.

Ya tsaya ƙofar gidanta, ya ba ta baya, ya yi sallama.

"Inna, barka da hantsi. Duna ne ya ji ciwo."

"A ina?"

Wannan wuri kuwa ba a ambatarsa gaban suruka, ko da na kare ne.

"Wajen... ƙafa."

"Ƙafa ce ta jiƙa maka riga haka? Shigo ka kwantar da shi."

Ta ɗaure bakin karen da tsumma, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri. "Riƙe ƙafafunsa ka buɗe su. Ba katanga za ka kalla ba, nan za ka duba."

Wada ya durƙusa, gwiwarsa dab da tata. Ta wanke ciwon, ta danna auduga har jinin ya tsaya, ta ɗinke, ta barbaɗa garin bagaruwa. Duna na nishi, Wada na ta faɗin, "Sannu, Duna, sannu." Tausayi ya cika shi, hawaye na gangarowa, har ya manta da sunkuyar da kai.

Goggo ta huda gindin tsohuwar ƙwarya ta zura wa karen a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Da ta kwance masa baki, Duna ya ɗan kaɗa wutsiya. Wada ya yi dariya.

"Zai tashi, in Allah Ya yarda," in ji ta, tana wanke hannu. Sai ta tsura masa ido. "Ashe wushirya gare ka. Na daɗe ina tunanin inda jikata Hauwa ta samo tata."

Kunya ta dawo masa gaba ɗaya, ya dubi ƙofa. Amma Duna ya riga ya ɗora kai, har da ƙwaryar, a kan cinyarsa yana barci. Wada ya gyara zama.