Janar a Hammatar Aksel

Aksel ya rantse ranar Lahadi sai ya sha romon zakaransu Janar. Zakaran nan da matarsa Bodil ta rena tun yana ɗan tsako ya sa ƙwaurinsa a gaba: da ya leƙo tsakar gida sai ya taso masa, fukafukai a buɗe.

"Taɓa shi ka gani," in ji Bodil.

Maƙwabcinsu Preben, wanda ya tsufa a kiwon kaji, ya leƙo ta kan shinge. "Duka ƙara masa tsiya yake yi. Matse shi a hammata ka yi ta yawo da shi a gaban matansa. Kunya za ta karya shi."

Aksel ya sa safar hannu mai kauri ya cafke ɗan banza. Kullum da safe haka yake zuwa sayen burodi, Janar a hammata, mutanen gari na ɗaga musu hula su biyu. Cikin sati biyu zakara ya yi laushi, har gyangyaɗi yake a hanya.

Ranar da Aksel ya ce magani ya ci, ya fita shi kaɗai. Bai kai ƙofa ba ya ji sara a ƙwauri. Ga Janar tsaye, yana jira a ɗauke shi.

Bodil ta yi dariya har da riƙe ciki. "Shekara arba'in ina roƙonka ka riƙe hannuna mu shiga gari, kana cewa gwiwa. Da na san sara ne maganinka, tsoho, ai da tuni na fara."