Kogon Haƙorin Ɗan Yayata

Yayata ta ajiye haƙorin a kan teburin ɗakin bincikenmu, naɗe cikin auduga, fari fat kamar ba a taɓa tauna da shi ba. Na ɗanta ne. Ya fita ne gab da rasuwarsa, bayan fitsari ya ɗauke masa, jiki ya kumbura. Yanzu ƙanwarsa ma ta fara amai, likitoci kuwa sai lalube suke yi.

"Yaya, me kika yi masa? Ce miki na yi ki kawo shi yadda yake."

"Haba Auta, da dauɗarsa? Abokan aikinki su ce ban kula da bakin ɗana ba? Burushi kawai na sa, da ɗan sabulu."

Garin neman gira an rasa ido.

Na'urarmu aikinta ɗaya ne. Tana harba siririn haske a kan abu ɗigo-ɗigo, ta auna nauyin ƙwayoyin da suka tashi, ta zana taswirar sinadarin da ke kowane gurbi. Sai dai 'yar gata ce, shimfiɗaɗɗen wuri take so. Haƙori kuwa tudu da kwari ne, in ta saitu a kan tudu sai kwarin ya kuɓuce mata. Dole na bi lungu-lungu ina auna zurfi, ina ɗaga farantin da haƙorin ke kai ina saukewa, Yaya na bayana tana murza bakin mayafinta.

Tudun duk sabulu ne. Allon kwamfuta ya cika da shi har na fara cire rai. Amma a gefe akwai ɗan kogon da tsutsa ta ci, inda burushi bai kai ba. Na sauke hasken can ƙasa. Sai ga sukari, ga jan launi irin na magani, ga kuma wani sinadari mai kashe ƙoda wanda ba shi da dalilin shiga bakin mutum.

"Yaya, akwai wani maganin ruwa mai zaƙi da yake sha?"

"Na tari ne kawai, jan nan. Shi kaɗai yake sha ba kuka, har lasar cokali yake..."

Ta miƙe, jakarta ta faɗi, ko kallonta ba ta yi ba.

"Yaya, ina kwalbar?"

"Na bar wa babansu," ta ce. "Na ce in ƙanwarsa ta farka ya ba ta cokali biyu."